Adashin Lokaci: Yadda Rabin Sa'a A Rana Kan Kai Mace Ga Burinta

  Yau ina so mu tattauna a kan wani ciwo da kusan kowace mace take fama da shi, ni kaina mai wannan rubutu ban tsira daga gare shi ba. Ciwon kuwa shi ne ciwon "zan yi". Zan koma makaranta. Zan koyi ɗinki. Zan sauke Alƙur'ani. Zan tara jari in kama sana'a. Azumi ya zo ya wuce, damina ta zo ta wuce, goyon da ke bayanmu ya sauka har ya shiga firamare, amma "zan yi" tana nan daram inda muka ajiye ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, wata ranar Asabar da hantsi wata maƙwabciyata mai 'ya'ya huɗu ta yi sallama ta shigo, riƙe da kwalbar magani da takardar asibiti. Ta ce, "Malama, don Allah duba mini, sau nawa aka ce a ba yaron nan?" Ashe tun daren jiya ɗanta yake zazzaɓi, maigidan ya yi tafiya, ita kuwa ta manta bayanin da aka yi mata, tana tsoron kada ta ba shi ya wuce ƙa'ida. Haka ta kwana tana kallon kwalba tana kallon yaro.

Da na karanta mata, sai ta zauna a bakin tabarma ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Malama, wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Daga aji uku aka cire ni. Kullum ina cewa zan koyi karatun nan, amma ina lokacin yake? Daga asuba har isha hannuna ba ya hutawa."

Na ce mata, "Yaya, kina zubin adashi?" Ta ce, "Ina yi mana, naira 200 kullum." Na ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Shekara uku ke nan." Na ce, "Kin taɓa fashi?" Sai ta riƙe baki ta ce, "Haba Malama, a ji kunya? Ko miya ba nama sai na zuba."

To, jama'a, ku ji fa. Macen da ta shekara uku ba ta taɓa fashin zubi ba, ita ce take ganin ba ta da juriyar koyon karatu. Alhali kuwa halin da ake bukata tana da shi tuntuni, sai dai ba ta taɓa juya shi ga kanta ba.

ABIN DA ADASHI YA KOYA MANA

Mu mata ba sai an koya mana horon kai ba. Wace ce a cikinmu ta taɓa cewa yau ba ta jin daɗin rai, saboda haka ba za a ɗora tukunya ba? Ko da ciwon kai ko da ɓacin rai, sai an share gida, an yi wa yara wanka, an tuƙa tuwo. Duk wannan horon kai ne, amma domin wasu muke yi. In aka zo kan abin da zai amfane mu mu kanmu, sai mu ce sai mun sami sarari. Sarari kuwa ba ya zuwa gidan mace da ƙafarsa.

Ku dubi yadda adashi yake. Abu uku ne suka riƙe shi. Na farko, zubin ƙarami ne, ba ya fin ƙarfin mai zubawa. Na biyu, yana da lokaci sananne, ba a cewa sai ran da aka ga dama. Na uku, akwai uwar adashi wadda ake jin nauyinta. Da waɗannan abubuwa uku naira 200 takan zama naira 6,000 a wata, ta zama naira 73,000 a shekara. Da an ce wa maƙwabciyata ta kawo naira 73,000 rana ɗaya, da ta ce ba ta da ita, kuma gaskiya ta faɗa.

Haka lokaci yake. Rabin sa'a a rana ba wani abu ba ne, bai kai tsawon hirar da mukan yi a tsaye a bakin ƙofa bayan mun ce "sai an jima" ba. Amma in kika haɗa shi, a mako sa'a 3 da rabi ke nan, a shekara kuwa sa'a 182 da rabi. Mu malamai mukan yi darasi ɗaya cikin kamar minti 40. Watau macen da ta riƙe rabin sa'arta har shekara ta zauna a aji sama da sau 270, ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Addininmu ma abin da ya koyar ke nan. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslimu, daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna aikin da aka dawwama a kansa shi Allah Ya fi so, ko da ɗan kaɗan ne. Saboda haka wannan shawara ba baƙuwa ba ce a gidajenmu.

BURI GUDA, ZUBI ƘARAMI

Kuskuren farko da mukan yi shi ne haɗa taura biyu a baki, wani lokaci ma har biyar. Mace ta tashi da zafinta bayan Sallah, ta ce daga yau za ta yi hadda, ta koyi Turanci, ta koyi ɗinki, ta rage ƙiba, ta daina fushi. Kafin mako ya zagayo ta gaji, ta watsar da duka, sa'an nan ta ce ita dama ba ta da sa'a. Ba wanda yake shiga adashi biyar da jarin ƙuli-ƙuli. Ki zaɓi buri ɗaya, wanda in kin tuna da shi da dare yakan hana ki barci. Sauran su jira layinsu.

Bayan haka sai ki yanka shi ƙanana. "Zan sauke Alƙur'ani" magana ce mai nauyi. Amma bugun Madina da ke hannun yawancinmu shafi 604 ne. In kina karanta shafi 2 bayan kowace salla, shafi 10 ke nan a rana, cikin wata biyu kin sauke. Wadda bakinta bai faɗa sosai ba, ta riƙe shafi ɗaya a rana tana kai wa malama tana gyara mata, kafin shekara biyu ta kai ƙarshe. Mai son Turanci ta riƙe kalma 5 a rana, ta rubuta su a takarda ta liƙa a bangon ɗakin girki, a shekara ta san kalma 1,825. Mai koyon ɗinki kada ta ce sai ta ɗinka riga, yau ta koyi ɗinkin layi a miƙe a kan tsumma, gobe kalmasa, jibi ramin maɓalli.

Ga ma'aunin da nake ba mata: zubin ya zama wanda za ki iya ko a ranar da ta fi kowace rana wahala, ranar girki, ranar da aka yi baƙi, ranar da yaro ke haƙori. In rabin sa'a ya yi miki yawa, ki soma da minti goma. Wadda ta yi minti goma kullum ta fi wadda ta yi sa'a huɗu ranar Lahadi ta kwana ashirin ba ta sake buɗe littafi ba.

KI ƊAURE SHI A JIKIN SALLA

Abu na biyu shi ne lokaci. Kada ki ce "in na gama aiki", domin aikin gida ba ya ƙarewa, sai dai a bar shi a kwanta. Allah Ya riga Ya raba mana yini da salloli biyar, kuma ba macen da ke bukatar agogo kafin ta san an kira salla. Sai ki ɗauki ɗaya daga cikinsu ki ɗaure sabon aikin a jikinta, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Ki ce, da na sallame sallar asuba, kafin in naɗe darduma, zan buɗe littafi. Ko ki ce, da na idar da azahar, yara sun tafi Islamiyya, zan hau keken ɗinki.

A ganina bayan asuba ya fi, domin gida shiru, ƙwaƙwalwa ta huta, ba mai sallama, ba mai aiko yaro aron kwano. Amma kowace mace ta fi kowa sanin gidanta. Mai yin ƙosai ko koko na sayarwa, asubarta ba tata ba ce, sai ta nemi tsakanin azahar da la'asar. Mai abokiyar zama tana da wata dama da ba kowa ya lura da ita ba: ranar da ba ke ce da girki ba, kina da sa'o'in da za ki ƙara a kan zubinki. Amma ko ranar girki kada ki bar shi gaba ɗaya, ki yi ko da kaɗan ne don kada igiyar ta tsinke.

Sa'an nan ki yi shiri tun da dare. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki ajiye littafi da biro a kan dardumar, ki sa fitila a caji tun da rana don kada a ɗauke wuta ki sami hujja. Ki jiƙa wake, ki fitar da kayan makarantar yara, ki tanadi ruwa. Sau da yawa ba lalaci ne ke kashe niyya ba, neman biro ne da asuba. Kafin a same shi jariri ya farka, shi ke nan an yi asarar ranar.

ƁARAYIN LOKACI

Yanzu bari mu gaya wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Da yawa daga cikin masu cewa ba su da lokaci, suna da shi, sace musu ake yi, kuma su ne suke buɗe wa ɓarawon ƙofa.

Babban ɓarawo a yau shi ne wayar hannu. Mace ta ɗauka don ta duba saƙo ɗaya a WhatsApp, daga nan ta faɗa TikTok, daga nan ta faɗa fim mai dogon zango, ba ta farga ba sai ta ji ƙaurin shinkafa. Ban ce waya haramun ba ce, da ita muke zumunci, da ita wasu suke ciniki, akwai masu koyon karatu da sana'a a cikinta. Amma a rabin sa'ar nan taki, ki kai ta wani ɗaki ki rufe. Kada ki ce za ki kife ta a gefenki, hannu ya saba, zai kai kansa. Wanda ya kira ya sake kira.

Ɓarawo na biyu shi ne hira marar kan gado. Zumunci wajibi ne, maƙwabtaka hakki ce, amma ba kowace sallama ce za ta cinye miki yini ba. Ba rashin kunya ba ne ki ce wa ƙawarki, "Don Allah ki yi mini haƙuri, ina da ɗan karatu yanzu, in an yi la'asar zan leƙo." Ranar farko za ta ji wani iri, har ta yi miki ba'a ta ce Malama ta ƙaso. Ki yi murmushi kawai. Bayan wata guda ita da kanta za ta san lokacin da ba a zuwa gidanki.

Na uku shi ne bukukuwa. Kamu yau, yini gobe, buɗar kai jibi, suna gata. Kuɗi su tafi a anko, lokaci ya tafi a zaman jiran mota. Ki je ki sauke nauyi, ki yi barka, ki dawo. Kuma ranar biki ki yi zubinki tun da safe kafin ki fita, kamar yadda kike aika wa uwar adashi kuɗinta kafin ki ɗaura ɗankwali.

UWAR ADASHI DA MAIGIDA

Abu na uku da ke riƙe adashi shi ne jin nauyin wani. To, wannan adashin ma yana son uwa. Ki nemi mace ɗaya mai hankali, ƙawa ko 'yar'uwa ko malamar Islamiyyarku, ki gaya mata burinki, ki ce ta riƙa tambayarki duk Juma'a. In kun haɗu ku biyu masu buri iri ɗaya ya fi. Kuma ki sami kalanda ki rataye, duk ranar da kika cika alkawari ki yi mata alama. Ganin alamun nan sun jeru yana da daɗi, har mutum ya ji ba ya son ya bar gurbi. Amma kada ki yi ta shela a gidan suna, buri kamar ƙwai yake, ba ya son yawan hannu.

Game da maigida kuwa, sai a bi da hikima. Kada ya wayi gari ya ga abinci ya makara, an ce masa ana karatu, daga ranar ya ƙi jinin littafin. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ki ce, "Malam, ina neman izininka da addu'arka a kan wani abu." Ki nuna masa amfanin da gidan zai samu: za ki duba wa yara aikin makaranta, za ki karanta takardar asibiti, za ki riƙe lissafin cefane. Maza da yawa in aka ba su girmansu su ne za su sayo littafin. Ga mazan da ke leƙa wannan fili namu kuwa, don mun san kuna leƙawa, ina roƙonku ku taimaka. Riƙe yaro na rabin sa'a bai rage wa namiji komai ba, kuma ilimin matarka a kan 'ya'yanka zai sauka.

RANAR DA AKA YI FASHI

Dole wata rana za ki yi fashi. Yaro zai yi ciwo, za a yi rasuwa, za ki haihu ki shiga jego. A nan ne mata da yawa suke faɗuwa, ba don fashin ba, sai don abin da suke gaya wa kansu bayansa: tun da na ɓata, shi ke nan. Wannan ruɗin Shaiɗan ne. Wadda ta makara sallar asuba ai ba ta cewa ta bar salla ke nan, tashi take yi ta rama.

Wasu masana a wata jami'a ta birnin Landan, a ƙarƙashin wata mai bincike Phillippa Lally, sun fitar da sakamakon wani nazari a shekarar 2009. Sun sa mutum 96 kowa ya zaɓi wata ƙaramar ɗabi'a ya riƙa yi kullum har mako 12, don a ga yaushe za ta zame masa jiki. Sai suka ga abin ya bambanta ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa kwana 254, matsakaici kuwa kwana 66. Suka kuma lura cewa fashin rana ɗaya bai rushe abin da aka gina ba. Darasi biyu ke nan a gare mu. Kada ki ga kin yi mako uku har yanzu kina jin nauyi ki ce ba za ki iya ba, wata biyu ko fiye abin yake ɗauka. Kuma in kin faɗi yau, gobe ki tashi. Dokar da na sa wa kaina ita ce, fashi ɗaya uzuri ne, amma ba na yarda ya kwana biyu a jere sai da babban dalili.

GA 'YAN MAKARANTA

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku matso kusa, da ku nake. Bari in ba ku labarin kaina. Lokacin da nake ɗaliba na tsani Lissafi, saboda haka na riƙa ture shi gefe ina cewa sai jarrabawa ta matso. Da ya rage mako biyu sai na shiga kwanan zaune, ina shan kofi, ina cin goro, ina tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke ni. Ranar jarrabawa na zauna takarda tana kallona ina kallonta, kaina kamar an zuba dusa. Na faɗi. Ƙawayena suka wuce, ni na tsaya maimaitawa, ga kunya ga asarar kuɗin mahaifina. Ba malamin da ya cuce ni, ni na cuci kaina.

A shekara ta biyu sai na canza dabara. Lissafi biyar kacal kowace safiya bayan salla, ko ana hutu, ko ranar Sallah. Wanda ya gagare ni in yi masa alama in kai wa wadda ta fi ni. Ban ƙara kwanan zaune ba, kuma na ci. Kaina bai canza ba, yadda nake ciyar da shi ne ya canza. Ƙwaƙwalwa kamar ciki take, ba a haɗa mata abincin wata guda a ɗura mata dare ɗaya.

Kun sani kafin a shiga jami'a ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, a yawancin fannoni kuma har da Lissafi. Waɗannan biyun kuwa su ne ba sa karɓar haddar dare ɗaya. Tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ake tara su. Kowace rana in kin dawo, ki sake duba abin da aka koyar a ranar tun bai huce ba, minti ashirin ya isa. Ki fara da darasin da kika fi tsoro. Ki yi barci isasshe. Kuma ki guji duk ƙawar da za ta ba ki wata ƙwaya ta ce tana hana barci ko tana buɗe kai, wannan hanyar ba ta ɓullewa. Wadda kuma ta dogara da satar amsa, ta sani takardar za ta samu, amma ranar da aka ba ta alli ko allura a hannu asirinta zai tonu.

Matan aure da suka bar makaranta kafin su gama, ku ma ƙofa ba ta rufe ba. Hukumomin nan biyu suna shirya jarrabawa ta musamman domin waɗanda ba sa cikin makaranta, mace tana ɗakinta za ta yi shiri ta je ta zauna.

Iyaye mata, ku ma da naku. Yarinya ta dawo daga makaranta, a ɗora mata talla, ta dawo a ba ta wanke-wanke, ta gama a goya mata ƙani, alhali yayanta namiji yana waje yana ƙwallo. Sa'an nan sakamako ya fito a ce ba ta da ƙoƙari. Koya wa 'ya mace aikin gida wajibi ne, amma ki ware mata sa'a guda wadda ko gishiri ba za a aike ta saye ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

BA A KANMU AKA FARA BA

Kada wata ta ce wannan sabon yayi ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, ga 'ya'ya ga hidimar babban gida. Duk da haka ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa shugabannin mata da ake kira jaji, ta ba kowace malfa alamar muƙaminta. Jajin nan sukan zo mata daga ƙauyuka tare da dattawan mata da 'yan mata, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Ku lura da hikimarta: ta zuba ilimin a cikin waƙoƙi, yadda mace za ta riƙe shi baiti-baiti, ta maimaita har ya zauna. Ba ta jira matan sun sami sarari ba, ta yanka musu karatun daidai bakinsu. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

A zamaninmu kuma ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara kamar 13. Daga baya ta bi ta hanyar karatun manya ta ƙarasa koyon karatu da rubutu. A 1987 ta fitar da littafinta Budurwar Zuciya, a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Yarinyar da aka raba da aji, ga shi ana karanta ta a ƙasashen da ba a jin Hausa. Littafi kuwa ba a rubuta shi rana ɗaya, shafi-shafi ake tara shi. Azuzuwan karatun manya har yanzu suna nan. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980, sauran jihohi ma suna da irinta, ga kuma makarantun Islamiyya na matan aure a unguwanni. Ki tambaya, akwai na kusa da ke.

To, maƙwabciyata fa? Mun yi yarjejeniya a ranar nan. Ni ce uwar adashinta. Kullum bayan azahar takan zauna da tsohon littafin ɗanta na aji ɗaya, ranar Asabar ta kawo mini in duba. Ta yi fashi, har da na mako biyu lokacin da surukarta ta kwanta asibiti, amma ta dawo. Yau wata takwas ke nan. Ban ce ta zama malama ba, har yanzu da yatsa take bin layi, in ta haɗu da doguwar kalma sai ta tsaya ta yi mata dabara. Amma ran nan ta shigo tana dariya, ta ce ta je awo an miƙo mata tawada ta dangwala, ta ce a ba ta biro. Kwalbar magani kuwa ta daina kawo mini.

'Yar'uwa, kada ki jira sabuwar shekara, kada ki jira a yaye goyo. Yau da dare kafin ki kwanta, ki ɗauko littafin nan ko tsumman ɗinkin nan ki ɗora a kan dardumarki. Gobe in Allah Ya kai mu, ki yi zubin farko. Wadda ta gwada, ta rubuto mana bayan wata biyu mu ji yadda ta kaya, don wasu su ƙaru.

Allah Ya ba mu ikon farawa, Ya ba mu juriyar ɗorewa, Ya sa albarka a lokacinmu da zuriyarmu, amin. Sai mun sake saduwa. Wassalam.